Shekara ashirin kafin takarda ta fito: nazarin lamarin mutanen Gurindji da ƙasarsu

Asalin lamarin, 1883 zuwa 1965

Ƙasar Gurindji tana Yankin Arewa na Ostireliya, a saman kogin Victoria, kimanin kilomita 600 kudu da birnin Darwin. Ƙasar ciyawa ce da jan dutse, mai dogon rani da damina mai ambaliya. Gurindji ɗaya ne daga cikin ɗaruruwan ƙabilun Aborijin, 'yan asalin nahiyar, waɗanda suka yi dubban shekaru a can kafin Bature ya iso. A 1883 wani Bature mai suna Nat Buchanan ya koro shanu ya kafa gandun kiwo a wurin, aka sa wa gandun suna Wave Hill. Ba a nemi izinin kowa ba. Dokar 'yan mulkin mallaka ta ɗauka ƙasar ba ta da mai ita, don haka gwamnati ce ke ba da ita haya ga wanda ta ga dama.

Shanu suka mamaye tafkuna da mashaya, suka tattake tsirran da mutane ke ci, naman daji ya yi nisa. Wanda yunwa ta sa ya soki saniya, da bindiga ake binsa. Dattawan Gurindji sun riƙe labarin kashe-kashen da aka yi wa iyayensu a shekarun farko, har da sunayen wuraren da aka yi su. Waɗanda suka tsira sai suka matso jikin gandun suna yi masa aiki, domin ta nan ne kawai za su sami abin kaiwa baka kuma su zauna kusa da wurarensu masu tsarki.

A 1914 kamfanin Vestey, babban kamfanin nama na Birtaniya, ya sayi Wave Hill. Maza su ne mahaya dokin da ke tattaro shanu daga daji, su ɗora musu lamba da ƙarfe mai zafi, su kora su ɗaruruwan kilomita. Mata su ne masu wanki da girki da ɗebo ruwa a gidajen Turawa. Ladan shekaru da yawa bai wuce busasshen nama mai gishiri ba, da burodi, da shayi da sukari da taba. Matsuguninsu bukkoki ne na tsohon kwano, sai an sunkuya ake shiga, babu famfo, babu makewayi. A tsakiyar shekarun 1940 wasu masana biyu, Ronald da Catherine Berndt, sun duba gandayen Vestey, suka rubuta cewa ana sa ƙananan yara aiki, abinci ba ya isa, ruwan sha ba shi da tsabta, ana kuma cin zarafin mata. Rahoton bai sauya komai ba a lokacin.

A 1953 doka ta mai da yawancin Aborijin na yankin 'yan riƙon gwamnati, ta kuma yanka musu albashi na daban. Zuwa 1966 albashin bai wuce kusan dalar Ostireliya 6 a mako ba, alhali Baturen da ke aiki iri ɗaya yana karɓar sama da dala 30.

Gwajin farko: kotun ƙwadago, 1965 zuwa Maris 1966

Hanyar da aka fara bi ita ce ta shari'a. A 1965 ƙungiyar ƙwadago ta arewacin Ostireliya ta kai ƙara gaban hukumar sasanta rikicin ma'aikata ta tarayya, tana neman a sa Aborijin cikin tsarin albashin da ya shafi sauran ma'aikatan gandayen shanu. Masu gandaye suka ɗauki lauya John Kerr, suka kawo shaidu masu cewa Aborijin ba su fahimci aiki irin na Bature ba, kuma idan aka tilasta biyansu daidai za a sallame su. Ba a kira Ba'aborijine ko ɗaya ya ba da shaida ba, ko daga ɓangaren ƙungiyar da ke magana da yawunsu.

A Maris 1966 hukumar ta yanke cewa a biya su daidai da kowa, amma sai daga 1 ga Disamba 1968, don masu gandaye su shirya. An ci shari'a ke nan, an kuma ce wa mutanen da suka yi shekara tamanin suna aiki kusan kyauta su ƙara haƙurin kusan shekara uku.

Fita, 23 ga Agusta 1966

Shugaban mahaya Aborijin a Wave Hill shi ne Vincent Lingiari, dattijo mai faɗa a ji a al'adar Gurindji, wanda bai yi karatun boko ba. Yana jinyar ƙafa a asibitin Darwin ya haɗu da Dexter Daniels, wani matashi Ba'aborijine da ke aiki da ƙungiyar ƙwadago. Kafin nan ma'aikatan wani gandu, Newcastle Waters, sun riga sun ajiye aiki. Da Lingiari ya koma gida ya nemi manajan gandun, Tom Fisher, ya biya mutanensa dala 25 a mako. Manaja ya ƙi.

Ranar 23 ga Agusta 1966 mutum kusan 200, maza da mata da yara da tsofaffi, suka naɗe 'yan komatsansu suka bar gandun a ƙafa. Suka bi ta daji har suka sauka a busasshen gadon kogin Victoria, kusa da ofishin jin daɗin jama'a na gwamnati, inda garin Kalkarindji yake a yau. Lokacin tattara shanu ne, aiki ya tsaya cik.

Shugabannin ƙungiyar ƙwadago a Darwin ba su yi ɗokin wannan yajin ba, suna tsoron nauyin ciyar da mutum 200 a wuri mai nisa. Majalisar kare haƙƙin Aborijin ta Yankin Arewa ce ta ɗauki nauyin. Wani ɗan gwagwarmaya, Brian Manning, ya riƙa loda gari da shayi da sukari a ƙaramar motar ɗaukar kaya yana kai musu ta hanya marar kwalta, tafiyar kwana da kwanaki. Wakilan masu yajin suka zagaya Sidni da Melbon suna yi wa ma'aikata bayani, aka riƙa tara musu kuɗi. Kamfani ya aiko da tayin ƙarin albashi don su koma. Ba su koma ba.

A nan ne masu taimaka musu suka fara gane cewa sun fahimci maganar rabi da rabi. Marubuci Frank Hardy, wanda ya zauna tare da su a sansanin, ya ji dattawa suna maimaita abu ɗaya: ƙasar nan tasu ce tun kafin Vestey, kuma ita suke so a mayar musu su yi kiwon nasu shanun.

Daguragu da takardar koke, 1967 zuwa 1968

A farkon 1967 suka tashi daga kusa da ofishin gwamnati suka koma bakin wani rafi mai ruwa rani da damina, wanda Turawa ke kira Wattie Creek, su kuma suke kira Daguragu. Wurin yana cikin hayar Vestey, kilomita 8 daga ofishin, kusa da wurare masu tsarki inda ƙasusuwan kakanninsu suke. A idon doka sun zama masu kutse. Suka sa aka rubuta musu allo da sunan Gurindji, yana cewa nan gandun kiwo ne da wurin haƙar ma'adinai nasu, suka kafa shi a bakin sansanin. Yawancinsu ba sa iya karanta allon, amma sun lura cewa duk abin da Bature ya mallaka yana da allo.

A Afrilu 1967 Lingiari da dattawa uku suka aika wa Gwamna-Janar, Lord Casey, wakilin Sarauniyar Ingila a Ostireliya, takardar koke. Sun nemi a ba su hayar murabba'in mil 500, kimanin murabba'in kilomita 1,300, daga cikin gandun da ya ninka haka sau da yawa. Sun ce idan maganar diyya ta taso, sun riga sun biya da gumin fiye da shekara hamsin da su da iyayensu suka yi suna aiki, galibi ba lada. Amsa ta zo cewa ƙasar tana hannun mai haya, ba za a taɓa ta ba.

A daidai wannan lokaci, ranar 27 ga Mayu 1967, kashi 90.77 cikin ɗari na masu zaɓe a Ostireliya suka amince a ƙuri'ar raba gardama cewa a riƙa ƙidaya Aborijin cikin jama'ar ƙasa, gwamnatin tarayya kuma ta sami ikon yi musu doka. Wannan bai ba mutanen Daguragu ko taku ɗaya na ƙasa ba. A 1968 ministan da ke kula da harkokin Aborijin, W. C. Wentworth, ya ziyarce su ya goyi bayan a yanka musu ɗan ƙaramin yanki. Majalisar ministoci ta ƙi, domin jam'iyyar manoma da masu gandaye da ke cikin gwamnatin haɗin gwiwa tana tsoron kada kowace ƙabila ta biyo sahu. Maimakon haka gwamnati ta ce za ta gina gidaje kusa da ofishinta, a filin da ba na kamfani ba. An gina gidajen. Dattawa suka ci gaba da zama a Daguragu cikin bukkoki.

A Disamba 1968 albashin bai-ɗaya ya fara aiki. A gandaye da yawa abin da masu gandaye suka faɗa a kotu shi suka aikata: suka rage ma'aikata Aborijin, suka koma ga shingen waya da manyan motocin ɗaukar shanu, daga baya har da jirage masu saukar ungulu. Iyalai da dama a faɗin arewa suka rasa aikin, suka rasa zama a ƙasarsu, suka ƙare a gefen garuruwa.

Shekarun jira, 1969 zuwa 1972

Waɗannan su ne shekarun da ba a cika ba da labarinsu ba, kuma su ne suka fi wuya. Jaridu sun juya ga wasu labarai. Makaranta da asibiti da kanti duk suna can wajen ofishin gwamnati. Samari kan tafi wasu gandaye su yi aikin 'yan watanni su kawo kuɗi, tsofaffi da mata su riƙe sansanin. Suka fara gina ɗakuna na laka da dutse, suka shuka lambu, suka fara kewaye fili da waya a ƙasar da doka ta ce ba tasu ba ce.

Taimako ya zo daga kudu. A 1970 aka kafa kwamitin goyon bayansu a Sidni, aka yi zanga-zanga a ƙofar ofishin Vestey, aka yi kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin. Ɗaliban jami'a suka zo aikin gini. Ma'aikatan tashoshin jiragen ruwa suka yanka wa kansu dala ɗaya kowane mutum don a sayi waya da kayan shinge. A 1971 Gurindji suka yi rajistar kamfanin kiwo nasu mai suna Muramulla.

Kotu kuwa ta rufe ƙofa. A Afrilu 1971 mai shari'a Blackburn ya yanke hukunci a ƙarar da mutanen Yolngu, wata ƙabilar Aborijin ta Yankin Arewa, suka kai kan wani kamfanin haƙar ma'adinai a Gove, ya ce dokar Ostireliya ba ta san wata mallakar ƙasa ta gargajiya ba. A Janairu 1972 Firaminista McMahon ya ce abin da gwamnati za ta iya bayarwa haya ce mai sharuɗɗa. Ranar 26 ga watan wasu matasa Aborijin suka kafa laima a gaban majalisar dokoki a Kanbera suka kira ta ofishin jakadanci, suna nuna cewa an mai da su baƙi a ƙasarsu. Maganar ƙasa ta zama maganar siyasar ƙasa baki ɗaya, jam'iyyar Leba ta sa ta cikin alkawuran zaɓe, ta kuma ci zaɓen Disamba 1972.

Ƙasa a tafin hannu, 1973 zuwa 1976

Sabon Firaminista, Gough Whitlam, ya naɗa mai shari'a Edward Woodward, wanda shi ne lauyan Yolngu a shari'ar da suka faɗi. Umarnin da aka ba shi shi ne ya tsara yadda za a mayar wa Aborijin na Yankin Arewa ƙasa, domin gwamnati ta riga ta yanke cewa za a mayar. Ya ba da rahoto a 1973 da 1974. Gwamnati ta shiga ciniki da Vestey, aka raba gandun.

Ranar 16 ga Agusta 1975 Whitlam ya zo Daguragu da kansa. Ya miƙa wa Lingiari takardar hayar kiwo ta fiye da murabba'in kilomita 3,200, sannan ya duƙa ya ɗebi jar ƙasa ya zuba masa a tafin hannu. Lingiari a lokacin ido ya kusa tafiya. Mai ɗaukar hoto Mervyn Bishop, shi ma Ba'aborijine, ya roƙi su fito daga rumfa su maimaita a fili saboda haske, kuma wannan hoton ne duniya ta sani. Shekara tara ke nan ba 'yan kwanaki da barin gandun.

Wata uku bayan haka, ranar 11 ga Nuwamba 1975, Gwamna-Janar ya sauke gwamnatin Whitlam kafin dokar mayar wa Aborijin ƙasa ta wuce majalisa. Gwamna-Janar ɗin shi ne John Kerr, lauyan masu gandaye na 1965. Gwamnatin Malcolm Fraser da ta gaje shi ta rage wasu sassan dokar amma ta zartar da ita a Disamba 1976. Dokar ta ba Aborijin na Yankin Arewa damar neman ƙasar da ba ta hannun kowa idan sun tabbatar da alaƙarsu ta gargajiya da ita, kuma ƙasar da aka ba su ba ta sayuwa, ba a ƙwace ta don bashi.

Daga haya zuwa mallaka, 1979 zuwa 1988

Abin da aka zuba wa Lingiari a hannu haya ce, mai sharuɗɗan yawan shanu da shinge da rijiyoyi kamar ta kowane mai gandu. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin Yankin Arewa ta yi barazanar soke ta bisa cewa ba a cika sharuɗɗan ba. Majalisar kula da filaye ta tsakiyar yankin, ɗaya daga cikin majalisun Aborijin da aikin Woodward ya haifar, ta shigar da buƙata ƙarƙashin dokar 1976. A 1981 mai shari'a John Toohey ya saurari dattawa, a wannan karon su da bakinsu, suna lissafa wurare da waƙoƙi da zuriyar da ke da haƙƙin kowane yanki, ya ba da shawarar a ba su. An ja lamarin har 1986 kafin takardar mallaka ta dindindin ta fito, shekara ashirin da fita.

Kamfanin Muramulla bai daɗe ba bayan haka. Ƙasar da aka yanka musu ba ita ce mafi kyawun kiwo a gandun ba, jari ya yi kaɗan, lissafin kuɗi ya dogara ga manajoji da masu ba da shawara daga waje. Shirin gwamnati na kawar da tarin fuka na shanu da cutar ɓari da makiyaya ke kira bakkale ya sa aka karkashe shanu masu yawa a arewa. Dattawan da suka san aikin suna ta tsufa. Kafin ƙarshen shekarun 1980 kamfanin ya durƙushe. Lingiari ya rasu a Janairu 1988.

Bayan takarda, 1992 zuwa 2024

A 1992 Babbar Kotun Ostireliya, a shari'ar Mabo, ta yi watsi da da'awar cewa ƙasar ba ta da mai ita lokacin da Turawa suka zo. A 1996, a shari'ar Wik, ta ce haƙƙin gargajiya zai iya zama tare da hayar kiwo a fili ɗaya. Wannan ne ya buɗe hanyar komawa ga sauran Wave Hill.

Ta ɓangaren mulki kuwa baya aka ci. A 2007 gwamnatin John Howard, bisa dalilin kare yara daga cin zarafi, ta ɗora dokar gaggawa a kan garuruwan Aborijin 73 na Yankin Arewa. Ta dakatar da aikin dokar hana wariyar launin fata ta 1975 a kansu, ta karɓi hayar dole ta shekara biyar a kan filayen garuruwan, ta riƙe rabin kuɗin tallafin mutane tana ƙayyade abin da za su saya da shi. A 2008 aka rushe ƙaramar majalisar Daguragu, wadda mutanen garin ke zaɓa kuma take tafiyar da ayyukansu, aka haɗe ta cikin wata babbar ƙaramar hukuma mai hedikwata a nesa.

A 2014 kotun tarayya ta amince da haƙƙinsu na gargajiya a kan garin Kalkarindji, suka kafa hukumarsu da ke riƙe da shi tana gudanar da kasuwanci da bikin tunawa da fitar da ake yi kowane Agusta. Ranar 8 ga Satumba 2020 kotun ta amince da haƙƙin iyalan yankin a kan kusan murabba'in kilomita 5,000 na gandun Wave Hill. Haƙƙi ne na shiga, da farauta, da kwana, da koyar da yara, da yin al'ada. Gandun na ci gaba da kiwo a hannun mai haya. A Maris 2023 ambaliya ta cinye gidaje a Kalkarindji da Daguragu, aka kwashe ɗaruruwan mutane zuwa wani sansani kusa da Darwin.

A 2017 wakilan Aborijin da suka taru a Uluru, babban dutsen nan mai tsarki da ke tsakiyar Ostireliya, sun bayyana cewa ba su taɓa miƙa wa kowa ikon mulkin ƙasarsu ba, suka nemi a kafa musu majalisar ba da shawara a cikin tsarin mulki. Ranar 14 ga Oktoba 2023 kusan kashi 60 cikin ɗari na masu zaɓe suka ƙi a ƙuri'ar raba gardama, ko da yake akwatunan ƙauyukan Aborijin na Yankin Arewa sun amince da rinjaye mai yawa. A Satumba 2024 gwamnatin tarayya ta yarda ta biya har dala miliyan 202 ga Aborijin na yankin da aka danne musu lada tsakanin 1933 da 1971, ko magadansu. Yawancin waɗanda suka fita a 1966 ba su ga wannan rana ba.

Abin da ya ci, abin da ya faɗi, da dalili

Hanyar albashi ta faɗi ne saboda an tsara ta ba tare da an tambayi masu matsalar ba. Lauyoyi da 'yan ƙwadago masu kyakkyawar niyya sun ga ma'aikacin da aka zalunta, kuma gaskiya suka gani, amma albashi daidai a gandun wani ya bar wa mai gandun ikon sallama, ya kuma yi amfani da shi. Takardar koke ta faɗi saboda roƙo ce ga hukumar da ba abin da zai same ta idan ta ƙi. Gidajen 1968 sun faɗi saboda an gina su a inda gwamnati ke so mutane su zauna.

Abin da ya ci shi ne zaman Daguragu. Da sun tsaya a gadon kogi kusa da ofishin gwamnati, da sun ci gaba da zama masu yajin aiki, kuma yajin aiki yana ƙarewa ranar da aka daidaita kan kuɗi ko yunwa ta ci ƙarfin mutane. Da suka koma cikin hayar kamfani suka yi gini da shinge, sai ya zama dole gwamnati ta zaɓi ɗaya: ta fitar da tsofaffi da yara da ƙarfi a gaban 'yan jarida, ko ta bar su. Ta bar su, kuma kowace shekara da ta wuce ta ƙara wa maganarsu nauyi. Zaman kuma bai yiwu ba sai da abu biyu. Akwai shugabanci da al'ada ta amince da shi, wanda ya hana jama'a watsewa shekara tara ba tare da an ɗaga wa kowa hannu ba. Akwai kuma garin burodi da wayar shinge da ma'aikatan birni suka riƙa aikowa ba tare da sun karɓe ragamar maganar ba. A ganina wannan na biyu ya cancanci yabo na musamman, domin masu taimakon sun zo da fahimtar albashi, suka ji dattawa na maganar ƙasa, suka bi ta dattawa.

Dokar 1976 ta fi hoton 1975 amfani nesa ba kusa ba. Hayar da Whitlam ya miƙa an kusa soke ta cikin 'yan shekaru, mallakar 1986 kuwa tana nan, kuma a ƙarƙashin wannan doka kusan rabin ƙasar Yankin Arewa ta koma hannun Aborijin. Inda lamarin bai warware ba shi ne iko. A 2007 da 2008 mutanen da ke riƙe da takardar mallaka ta dindindin sun wayi gari an karɓi hayar garinsu ba shawara, an rushe majalisarsu, kuma babu wata doka da za su riƙe su hana. Majalisar dokokin tarayya tana da ikon sake yin haka a duk lokacin da ta sami rinjaye, kuma har yau babu yarjejeniya tsakanin gwamnatin tarayya da wata al'ummar Aborijin da ta taƙaita wannan iko.